Kyauta ko Toshiyar Baki? Hukuncin Goron Shugabannin Wasanni na Duniya

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya halatta kyauta tsakanin bayinSa, Ya kuma haramta rashawa. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Shugaban Manzanni, Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, watakila mai karatu zai yi mamakin ganin maganar ƙwallo da guje-guje a wannan fili, wanda aka saba tattauna sha'anin salla da azumi da rabon gado a cikinsa. To, a kwantar da hankali, ba hukuncin wasa za mu duba yau ba. Abin da ke gabanmu shi ne halin mutanen da ke riƙe da ragamar wasanni a duniya, da irin uzurin da sukan kawo in an kama su da kuɗi a hannu. Kusan kullum uzurin ɗaya ne: wai a ƙasarsu haka ake yi, wai abin da wani ya kira cin hanci, a wurinsu kyauta ce ko la'ada. Tambayar da ta taso ke nan: shin al'ada tana iya mayar da rashawa ta zama kyauta? Wannan tambaya ta shafi shugaban ƙungiyar ƙwallo ta duniya, ta kuma shafi akawun da ke zaune bayan tebur a garinmu, saboda haka ta cancanci a tsaya a kanta.

Da farko ya kamata mu san inda kuɗin ke fitowa. Hukumar ƙwallon ƙafa ta duniya, watau FIFA, an kafa ta a 1904, kuma hedkwatarta tana birnin Zurik na ƙasar Suwizalan. Tana da ƙungiyoyi 211 a ƙarƙashinta, kowace da ƙuri'a ɗaya, babbar ƙasa da ƙaramin tsibiri duk daidai suke. Kwamitin wasannin Olamfik na duniya kuwa an kafa shi a 1894, yana zaune a birnin Lozan na ƙasar ta Suwizalan, wakilansa ba su wuce ɗari da 'yan kai ba. Waɗannan mutane ƙalilan su ke yanke hukuncin ƙasar da za ta karɓi baƙuncin gasa, da kamfanin da za a sayar wa izinin nuna wasa a talabijin. Dukiyar da ke bin bayan wannan hukunci kuwa ta dubban miliyoyin daloli ce. Har zuwa 2010, kwamitin mutum 24 kacal ne ke zaɓen ƙasar da za a yi gasar cin kofin duniya a cikinta. Duk inda aka tara irin wannan iko a hannun mutane kaɗan, kuma ƙuri'ar a asirce ake jefa ta, to, masu neman biyan bukata za su yi ta sallama a ƙofarsu da abin gaisuwa.

Bari mu kawo misalai uku, domin magana ta tsaya a kan abin da ya auku.

Na farko shi ne na birnin Salt Lake a Amurka. A 1991 birnin ya nemi a ba shi wasannin Olamfik na lokacin sanyi na 1998, sai birnin Nagano na Japan ya kayar da shi. Da aka zo neman na 2002, masu yi wa birnin yaƙin neman ƙuri'a suka sake dabara, kuma a 1995 suka yi nasara. A ƙarshen 1998 asiri ya tonu, aka gane an kashe fiye da dala miliyan 1 wajen biya wa 'ya'yan waɗansu wakilai kuɗin makaranta, da biyan kuɗin asibiti, da tafiye-tafiye, da ba da tsabar kuɗi hannu da hannu. A 1999 aka kori wakilai shida, huɗu kuma suka sauka da kansu. Cikin goman nan shida 'yan Afirka ne, daga Kwango da Mali da Sudan da Libiya da Suwazilan da Kenya. Su kuwa manyan jagorori biyu na kwamitin birnin, waɗanda ta hannunsu abin ya fita, an kai su kotu a Amurka, amma a watan Disamba na 2003 alƙali ya sallame su, ya ce hujjar da aka kawo ba ta isa ba. An yi wasannin a birnin a 2002 kamar yadda aka shirya, har ma a 2024 aka sake ba shi na 2034. Da aka waiwayi Nagano don a ga yadda ta kashe nata kuɗin, sai aka tarar an riga an ƙona littattafan lissafin.

Na biyu ya auku ne a watan Mayu na 2011 a tsibirin Tirinidad. Muhammad bin Hammam, mutumin Katar, shugaban hukumar ƙwallon Asiya a lokacin, yana neman shugabancin FIFA, sai ya je ya yi wa wakilan tsibiran Karibiyan jawabi. Bayan taron aka riƙa kiran wakilai ɗaki, ana miƙa wa kowa ambulan mai ɗauke da dala 40,000. Wakilin tsibiran Bahamas ya ɗauki hoton kuɗin, ya mayar da su, maganar ta kai Zurik. Jack Warner, mataimakin shugaban FIFA wanda ya shirya taron, an ɗauki maganarsa yana gaya wa wakilai cewa kuɗin kyauta ne, yana kuma yi wa masu ƙyamar karɓa ba'a, cewa mai jin ya cika tsoron Allah ya je ya buɗe coci. An haramta wa bin Hammam shiga harkar ƙwallo har abada, sa'an nan a 2012 kotun wasanni ta duniya ta soke hukuncin saboda ƙarancin hujjar da za ta nuna daga hannunsa kuɗin suka fito, kana a ƙarshen shekarar FIFA ta sake hukunta shi a kan wani laifi daban. Shi Warner ya sauka a 2011, aka haramta masa harkar har abada a 2015.

Na uku ya faru a tsakiyar Turai. Akwai wani kamfanin tallace-tallacen wasanni a Suwizalan mai suna ISL, wanda ya karye a 2001. Takardun masu gabatar da ƙara da aka fitar a 2012 sun nuna kamfanin ya biya Joao Havelange, ɗan Barazil da ya shugabanci FIFA daga 1974 zuwa 1998, da surukinsa Ricardo Teixeira, miliyoyin kuɗin Suwizalan a asirce. Ba a ɗaure kowa a kan cin hanci ba, domin a shekarun da aka biya kuɗin dokar Suwizalan ba ta lissafa irin wannan biya a cikin laifuffuka ba. Sepp Blatter, wanda ya gaji Havelange, da aka tambaye shi sai ya ce a wancan zamani irin wannan la'ada har cire ta ake yi daga harajin kamfani, saboda haka bai kamata a auna jiya da ma'aunin yau ba. Abin da ya fi ban takaici, a cikin takardun nan an ga lauyan FIFA yana kawo hujjar cewa a Kudancin Amurka da Afirka cin hanci wani ɓangare ne na abin da yawancin mutane ke samu a matsayin albashi. Watau kamfanin Turai ne ya biya, dokar Turai ce ta kawar da kai, amma da aka zo neman uzuri sai aka jingina abin ga halin mutanen wasu nahiyoyi.

To, jama'a, ga misalai uku, kowanne da irin sunan da aka raɗa wa kuɗin. A Salt Lake an ce taimakon karatu da karimci ga baƙo. A Tirinidad an ce kyauta. A Suwizalan an ce la'ada. A Jamus ma, har zuwa 1999, kamfani yana iya ba ma'aikacin wata ƙasa toshiyar baki ya rubuta ta a littafinsa a matsayin kashe kuɗi mai amfani, a rage masa haraji. Mu ma a nan ba mu rasa namu sunayen ba: goro, gaisuwa, na shan ruwa, kuɗin mota, alheri. Yawan sunayen nan kansa abin lura ne. Mai sayar da hatsi a kasuwa ba ya neman wani suna ga kuɗin da aka biya shi, kuɗin hatsi ne kurum. Abin da zuciya ke jin kunyarsa shi ake ta sauya wa riga.

Amma kada mu yi gaggawa. Masu kawo hujjar al'ada suna da wata gaskiya a hannunsu, kuma adalci ya wajabta a faɗe ta. Al'ummomi sun bambanta ƙwarai a sha'anin kyauta. A ƙasar Larabawa, da Japan, da nan ƙasar Hausa, zuwa wurin babba hannu rabbana abin kunya ne, mayar da kyauta kuma cin fuska ne. Baƙo in ya sauka, a kan yi masa yanka, a sallame shi da tsaraba. A wasu ƙasashen arewacin Turai kuwa ma'aikaci yakan ji nauyin karɓar ko da abincin rana daga wanda ke da bukata a ofishinsa. Addininmu ya kwaɗaitar da kyauta, ya bayyana cewa tana sanya ƙauna a zukata, kuma Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana karɓar kyauta yana kuma sakawa a kanta. Saboda haka wanda ya ce duk wata kyauta zamba ce ya wuce gona da iri, kuma in aka bi shi sai a rushe zumunci da karimci.

Gaskiya ta biyu da ke hannunsu ita ce ba a yi adalci wajen hukunci ba. An ga yadda aka kori masu karɓa a shari'ar Salt Lake, masu bayarwa suka koma gida. A 2009 kwamitin da ke nema wa Ingila gasar 2018 ya shirya jakunkunan mata masu tsada don matan masu jefa ƙuri'a, aka kira abin karimci. A 2014 hukumar ƙwallon Barazil ta raba agogo 65 ga manyan baƙi, kowane ɗaya darajarsa wajen kuɗin Suwizalan 25,000, kuma Turawa suna cikin waɗanda suka tafi da su gida, har da shugaban hukumar ƙwallon Ingila na lokacin, sai da kwamitin ɗa'a na FIFA ya umarci a mayar. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Shi ya sa ranar 27 ga Mayu, 2015, da 'yan sandan Suwizalan suka kama jami'ai bakwai a wani otal a Zurik bisa roƙon Amurka, wadda ta tuhumi mutum 14 da rashawar da ta haura dala miliyan 150 cikin shekara 24, mutane da yawa a Afirka da Asiya da Rasha suka ɗauki abin a matsayin siyasar manyan ƙasashe. Bayan kwana biyu aka sake zaɓen Blatter da ƙuri'a 133, abokin takararsa Yarima Ali na Jodan yana da 73, ko da yake bayan kwana huɗu ya ba da sanarwar zai sauka.

Mun yarda da waɗannan biyu. Amma me suka tabbatar? Sun tabbatar da cewa kyauta abu ne mai kyau a muhallinta, kuma masu zargi su ma ba tsarkaka ba ne. Ba su tabbatar da cewa ambulan ɗin Tirinidad halal ne ba. Kasancewar wanda ya kama ɓarawo shi ma yana da tabo ba ya mayar da akuyar sata ta zama ta gado.

Ga ma'aunin da Musulunci ya kawo. Malaman luga sun ce kalmar rishwa, wadda muka ara muke cewa rashawa, tushenta ɗaya da risha'u, watau igiyar guga. Mai zura guga a rijiya ba don ƙaunar rijiya yake yi ba, ruwa yake nema. Haka mai ba da rashawa: kuɗinsa igiya ce, kuma abin da yake son jawowa shi ne hukuncin da ke hannunka. Kyauta kuwa, hadiyya, ana ba da ita don girmama mutum da neman ƙaunarsa, ba a ɗaura mata igiya. A ido duka biyu kama ɗaya suke, ambulan ne ko agogo ko rago. Ta yaya za a rarrabe?

Buhari da Muslim sun ruwaito labarin wani sahabi da ake kira Ibnul Lutbiyya, wanda Manzon Allah ya aika ya karɓo zakka. Da ya dawo sai ya kasa dukiyar kashi biyu, ya ce ɗaya na baitulmali ne, ɗaya kuma kyauta ce aka yi masa. Manzon Allah ya hau mumbari ya yi huɗuba a kan wannan, ya tambaya me ya hana mutumin ya zauna a gidan mahaifinsa ko mahaifiyarsa ya ga ko kyautar za ta iske shi a can. Ya kuma yi gargaɗi cewa duk wanda ya karɓi irin wannan zai zo da shi ranar ƙiyama a wuyansa, ko raƙumi ne ko saniya ko tunkiya. A lura, wannan ya faru ne a tsakiyar Larabawa, mutanen da ba su da abin alfahari kamar kyauta da karimci. Ba a ce mutumin ya rage wa kowa zakka ba, ba a ce ya yi sharaɗi da kowa ba. Duk da haka ba a karɓi uzurinsa ba, domin kujerar aka ba, ba shi ba.

Wannan tambaya ta gidan mahaifi ba ta da ƙabila kuma ba ta da nahiya. A ɗora ta a kan misalanmu. Da wakilin nan na kwamitin Olamfik ba shi da ƙuri'a, mutanen Salt Lake za su biya wa ɗansa kuɗin jami'a? A duniya akwai miliyoyin yara masu bukatar karatu da ba su ji ɗuriyarsu ba. Da wakilan Karibiyan ba za su jefa ƙuri'a bayan 'yan makonni ba, wa zai tara su a otal ya ba kowa dala 40,000? Da Havelange yana zaune a gidansu a Barazil ba shi da hannu a kwangilar talabijin, kamfanin Suwizalan zai san lambar ajiyarsa a banki? Amsar ɗaya ce ga Balarabe da Bature da Baƙar fata.

An ruwaito cewa Halifa Umar ɗan Abdul'aziz ya taɓa ƙin karɓar tuffa da aka kawo masa. Da aka tuna masa cewa Manzon Allah yana karɓar kyauta, sai ya bayyana cewa abin da yake kyauta a wancan lokaci ya zama rashawa ga masu mulki a nasu lokacin. Tuffar ba ta sauya ba, niyyar masu kawowa ce ta sauya. Saboda irin wannan ne malamanmu na mazhabar Maliku suka tsananta, har Muhtasar na Shaihu Halil ya hana alƙali karɓar kyauta ko da zai saka a kanta, sai daga dangi na kusa. Wakilin da ke jefa ƙuri'a tsakanin birane masu takara alƙali ne a wannan mas'ala, ƙuri'arsa kuma shaida ce cewa wannan birni ya fi cancanta. Wanda ya karɓi kuɗi don ya ba da shaida ya haɗa cin amana da shaidar zur.

Ita al'ada fa, ina matsayinta? Malaman usulu sun ba ta babban matsayi, musamman a mazhabarmu. Da ita ake gane gwargwadon ciyar da iyali, da ma'anar kalmomin ciniki, da abin da ake ɗauka aibi ne a haja. Amma sun kasa ta biyu: ingantacciya, wadda ba ta saɓa wa nassi ba, da ɓatacciya, wadda ta halatta abin da aka haramta. Larabawan jahiliyya sun saba da riba da giya, sabon nan bai zama hujja ba. Al'ada tana iya gaya mana irin kyautar da ta dace a kai wa suruki ko malami ko maƙwabci. Ba ta da ikon ta ce wanda aka ba amana ya sayar da ita. Dokar ƙasa ma haka take a wannan fuska. Shirun da dokar Suwizalan ta yi ya kuɓutar da mutanen ISL daga kurkuku, amma bai wanke su ba. Ita kanta ƙasar ta gane haka, domin tun daga 2016 hukumominta suka sami ikon bin irin wannan laifi da kansu, ba sai wani ya kawo ƙara ba.

Mu Hausawa bai kamata mu ɗauki wannan magana baƙuwa ba, ko mu ce Turawa ne suka kawo mana ita. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, Allah Ya yi masa rahama, a cikin Kitabul Farƙi, da yake lissafa munanan hanyoyin mulkin sarakunan zamaninsa, ya ambaci gaisuwa da sunanta na Hausa, watau abin da ake kai wa masu iko. Wannan fiye da shekara 200 ke nan, tun kafin a kafa FIFA. Karin maganarmu ma ya riga ya gano sirrin: in baki ya ci, ido sai ya ji kunya, kuma kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Mutanen da suka bar mana waɗannan kalmomi sun san bambancin kyauta da toshiyar baki. Saboda haka wanda ya tsaya a gaban duniya ya ce cin hanci al'adarmu ce, ko lauya ne a Zurik ko ɗan'uwanmu ne da aka kama, ya yi wa kakanninmu ƙage.

Saura uzuri biyu da akan kawo, kuma suna da ɗan ƙarfi. Na farko shi ne na mai bayarwa, wanda zai ce kowa haka yake yi, in ban bayar ba za a kayar da ni. Haƙiƙa malamai sun yi rangwame ga wanda aka danne wa tabbataccen haƙƙinsa, ya rasa hanyar karɓarsa sai ta biyan azzalumi, sun ce zunubin yana kan mai karɓa. Amma karɓar baƙuncin gasa ba haƙƙin kowane birni ba ne tun kafin a yi zaɓe. Takara ce tsakanin masu nema, wanda ya saya ya zalunci sauran. Hadisin da Abu Dawuda da Tirmizi suka ruwaito ya sanya la'ana a kan mai bayarwa da mai karɓa duka, a wata ruwaya kuma an ƙara da mai shiga tsakaninsu, wanda a yau yakan zo da sunan mai ba da shawara ko wakilin talla. A nan shari'a ta fi hukuncin 1999 adalci, domin ba ta kori matalaucin mai karɓa ta bar attajirin mai bayarwa ba.

Uzuri na biyu shi ne na mai karɓa, wanda zai ce ba don kaina na nema ba, don raya wasa a ƙasata ne. Wannan ya taɓa mu a gida. A watan Oktoba na 2010 'yan jaridar Sunday Times ta Ingila suka yi shigar burtu a matsayin masu nema wa Amurka ƙuri'a, suka ɗauki hirarsu da Amos Adamu, ɗan Nijeriya da ke cikin kwamitin zartaswa na FIFA, inda aka yi maganar dala 800,000 don gina filayen wasa huɗu a Nijeriya. Ya musanta aikata laifi, amma FIFA ta dakatar da shi shekara uku, kotun wasanni kuma ta tabbatar da hukuncin a 2012. Mu ba mu san abin da ke cikin zuciyar kowa ba, wannan na Allah ne. Abin da muka sani shi ne kyakkyawar manufa ba ta tsarkake ƙazamar hanya, ko masallaci aka gina da kuɗin shaidar zur bai zama sadaka ba. Taimakon ƙasashe marasa ƙarfi abu ne mai kyau, kuma suna da haƙƙi a dukiyar da wasa ke tarawa, tun da 'ya'yansu ne ke zubar da gumi a fili. Amma sai ya zo a bayyane, bisa ƙa'idar da ta game kowa, ya shiga asusun ƙungiya, a rubuta shi a duba shi, kuma kada a ɗaura shi da ƙuri'a. In ɗaya daga cikin waɗannan ya ɓace, igiyar guga ta bayyana.

Wani zai ce, to, wa aka cuta? Ai wasa ne. Waɗanda aka cuta suna da yawa, sai dai ba a ganinsu a ɗakin da aka miƙa ambulan. Kuɗin da kamfani ya ba shugaba a asirce, daga farashin kwangila aka zaftare shi, da ya shiga asusun hukuma da ya isa ga yaran da ke buga ƙwallo ba takalmi. Dubi shari'ar Lamine Diack na Sanagal, wanda ya shugabanci hukumar guje-guje ta duniya daga 1999 zuwa 2015. A 2020 wata kotu a Faransa ta same shi da laifin rashawa a kan ɓoye sakamakon gwajin 'yan wasan Rasha masu shan ƙwayoyin ƙara kuzari. Ka tuna da yarinyar da ta yi shekaru tana gudu da asuba, ta zo ta biyu a bayan wadda aka rufa wa asiri da kuɗi. Wace al'ada ce za ta rarrashe ta?

Abin da za mu ɗauka daga wannan duka shi ne, duk wanda aka ɗora wa amana, ko sakataren ƙungiyar ƙwallo ta jiha ne, ko alƙalin wasa, ko malamin da ke duba takardun jarrabawa, ko mai rabon taki, in aka kawo masa abu ya tambayi kansa abu uku. Da ba na kan kujerar nan za a kawo mini? Wanda ya kawo yana da wata bukata a gabana, ko yana shirin kawo ta? Zan iya faɗar abin da na karɓa a gaban abokin hamayyarsa ba tare da na sunkuyar da kai ba? In kuwa mayarwa za ta zama cin fuska, kamar kyautar da baƙi ke kawowa a taro, to, akwai mafita: a karɓa a bainar jama'a da sunan ƙungiya, a rubuta, a sanya a dukiyarta. Da haka an girmama al'ada an kuma tsare amana. Sayyidina Umar ɗan Haɗɗabi yakan sa a rubuta abin da gwamna ya mallaka ranar da aka naɗa shi, don a gane abin da ya ƙaru daga baya. Hukumomin wasanni sun fara koyon irin wannan bayan sun sha kunya: tun ƙarshen 1999 aka hana wakilan Olamfik kai ziyara biranen da ke takara, kuma yanzu babban taron FIFA ne ke zaɓen mai masaukin kofin duniya, ba kwamitin mutum 24 ba. Sai dai ƙa'ida a takarda ba ta isa ba in babu tsoron ranar da za a zo da raƙumi a wuya.

Allah Ya tsare mu daga cin haram, Ya wadata mu da halal, Ya ba shugabanninmu na kowane fage ikon riƙon amana. Amin.